Ina son fara kiwon karnuka a Zariya: ta ina ya kamata in soma?

Ɗan Hanwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayena da yayyena na wannan zaure, tare da neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Ni ma'aikaci ne, ina zaune da iyalina a Hanwa, a gida mai katanga da ɗan fili a baya. Bara, bayan ɓarayi sun haura mana sau 2 cikin wata guda sun kwashe batiran sola da injin jan ruwa, na sayi 'yar kwikwiya mace, irin karnukan Jamus da ake kira Alseshan, domin gadi. Tun da ta fara haushi ba a sake taka mana katanga ba, alhamdu lillahi.

Yanzu watanta 11. Kwana 4 da suka wuce na ga ɗigon jini a simintin ɗakinta, na lura gabanta ya kumbura, karnukan unguwa kuma sun fara zarya a ƙofar gidana da daddare. Wani abokin aikina da ke da namiji irinta ya ce in kai ta a yi barbara, bisa sharaɗin idan ta haihu zai zaɓi ɗa guda. Mutum 3 sun riga sun ce mini in ajiye masu, kuma ba zan ɓoye ba, kuɗin da na ji ana sayar da 'yan kwikwiyon nan ya shiga raina, domin albashi ba ya kai mu ƙarshen wata.

Sai dai ba na so in shiga abin da zan cuci dabba, ko in cuci mutane, ko in ɗauki zunubi. Shin in kai ta yanzu ko in jira? Waɗanne abubuwa ne ya wajaba in tanada kafin in kira kaina mai kiwo? Sannan mahaifina ya ce shi bai taɓa jin Musulmi na cin kuɗin kare ba, maganar kuma ta tsaya mini a rai. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Baban Sadik, Palladan, ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kai ta. Karya mai wata 11 ita kanta yarinya ce, ƙashinta bai gama ƙwari ba, kuma halinta bai gama bayyana ba, balle ka san ko hali ne da ya dace a yaɗa shi. Ka rufe ta wannan karon da na gaba, ka yi amfani da shekarar wajen koyo. Na fi shekara 10 ina wannan kiwo, kuma abin da zan ba ka labari shi ne yadda na fara, domin da irin tunaninka na shiga.

Haihuwar farko da aka yi a gidana 'ya'ya 9 ne, cikin damina. Tun idonsu bai buɗe ba na gama lissafin kuɗinsu a kaina, har na raba: wannan na kwanon rufi, wancan na kuɗin makaranta. Da suka kai mako 6, don in rage kashe kuɗi, sai na sayo allurar rigakafi a wani shago da ba zan ambata ba, mai shagon ya ciro ta daga firjin da na tabbata ya kwana ba wuta, ya ƙulle mini a leda ba ko ƙanƙara, na rataya a babur na kawo gida na yi masu da kaina. A makon kuma na buɗe ƙofa ga masu saye, kowa ya shigo da takalminsa har cikin ɗakin, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan, wani ma ya ce mini daga gidan wani mai kiwo yake, ya je kwatanta farashi. Bayan kwana 5, mafi ƙiba a cikinsu ya ƙi cin abinci, ya koma lungu ya kwanta. Da yamma ya fara amai, da asuba kuma gudawa da jini, mai wani irin ƙarni da wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Cutar fabo ce. Cikin mako guda na binne 7 a bayan gida, biyun da suka rayu kuwa kuɗin ƙarin ruwa da magungunansu ya cinye abin da na sayar da su. Uwar ta yi kwanaki tana tonon wurin da na binne su, abin da har yau idan na tuna ba na jin daɗi.

Daga ranar na kafa doka: ba mai shiga wurin 'yan kwikwiyo sai ni da yaron da ke taya ni, da silifas ɗin da ba ya fita ko'ina, mai saye kuwa ya gani ta waya, ko ya jira. Allura kuma likita ne ke yi, ya sa hannu a kati.

Game da mutum 3 da suka ce ka ajiye masu, ka sani cewa “ina so” ba ciniki ba ne. Ranar da ka kira su, ɗaya zai ce matarsa ta ƙi, ɗaya ya ce sai an yi albashi, na ukun ba zai ɗauki waya ba. Alseshan kuma takan haifi 6 zuwa 10, ka ga ko duka ukun sun cika alkawari, sauran suna wuyanka. Ɗan kwikwiyon da ya wuce wata 3 bai samu gida ba, kullum cinsa ƙaruwa yake, masu nemansa kuma raguwa suke. A nan ne mai kiwon da ba ya tsoron Allah ke fara miƙa su ga duk wanda ya zo, ko ya sake su a titi. Ka tambayi kanka tun yanzu ko kana da wuri da abincin da za ka riƙe 4 ko 5 har su girma idan kasuwa ta ƙi. In amsar a'a ce, lokacinka bai yi ba.

Abinci shi ne inda kuɗi ke zurarewa. Karya mai shayarwa takan ci ninki 2 ko 3 na abin da ta saba, kuma ɗumamen tuwo da sauran miya ba za su riƙe ta ba, ga shi albasar da ke miyarmu tana lalata jinin kare. Ni ina haɗa abincin buhu da nama da kayan ciki da nake samowa a mayankar Zango, ina dafawa sosai da shinkafa ko garin masara, amma ba na ba su dafaffen ƙashin kaza, saboda yakan tsage ya soke hanji.

Sai maganar namijin abokinka. Kasancewarsa namiji kuma kyauta ba dalili ba ne. Ka je ka gan shi da idonka: yadda yake tafiya, ko ƙafafunsa na baya suna haɗuwa ko yana jan su, yadda yake karɓar baƙo idan maigidansa na tsaye, da katin allurarsa. Karen da ke kai wa yaran gidansu cizo ba jarumi ba ne, matsoraci ne ko mara tarbiyya, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sannan ka binciki asalinsu su biyun. A ganina, yawancin karnukan Turawan da ke Zariya daga 'yan gidaje kaɗan suka fito, na kuma sha ganin an haɗa wa da ƙanwa ba a sani ba, aka samu 'ya'ya masu naƙasa. Ka sayi littafi, ka riƙa rubuta uwa da uba, da ranar barbara, da ranar haihuwa, da nauyin kowane ɗa, da gidan da ya tafi. Ni kuma duk wanda na sayar wa, nakan faɗa masa cewa ranar da ya gaji da karen, ya dawo mini da shi, kada ya yasar. An dawo mini da 3 zuwa yanzu, ɗaya da sarƙa ta nutse masa a wuya saboda tun yana ƙarami aka ɗaura ba a sassauta ba.

Likita Maman Hanif, Samaru, ta rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Hanwa, a matsayina na likitar dabbobi ina goyon bayan Baban Sadik a kan jira. Manyan karnuka irin taka ba a so a yi masu barbara kafin su kusa shekara 2, kuma da yake karya takan nemi namiji kusan duk bayan wata 6, wannan na nufin ka bar karo na farko da na biyu su wuce. Ba don girman jiki kaɗai ba ne. Alseshan, wanda wani Bajamushe mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, ya yi suna da ciwon kwatangwalo na gado, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa. Kare na iya gudu lafiya yana shekara guda, ya zo shekara 4 yana kasa tashi. Hoton ƙashi ne ke nuna wannan, kuma mu a nan mun yi sa'a, domin akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda daga Hanwa ba wata tafiya ba ce. A ɗauki hoton macen, a ɗauki na namijin. Idan ɗayansu na da matsalar, a haƙura da shi a matsayin mai gadi, kada a nemi iri daga gare shi.

Kafin barbara ana kuma duba abubuwa 2 da mutanenmu ba su cika sani ba. Akwai wani ƙari da karnuka ke ɗauka ta hanyar saduwa, yana fitowa a al'aura kamar tsiron nama mai zubar da jini, ya fi yawa a karnukan da ke yawo sakaka, ana kuma warkar da shi da allurar da ake yi ta jijiya mako-mako. Akwai kuma cutar burusela, wadda ke sa ɓari da rashin haihuwa, har mutum ma na iya kamuwa da ita. Gwajin jini zai kuma nuna ko kaska ta sa mata babesiya, wato cutar da ke lalata jini, ko makamanciyarta, domin karyar da jininta ya yi ƙasa ba ta da abin da za ta ba 'ya'ya.

Ina so in yi wa Baban Sadik ɗan gyara, da girmamawa. Allurar da ta kwana a zafi ta lalace, wannan gaskiya ne, amma ko da mai kyau ce, guda ɗaya a mako 6 ba ta isa kariya ba. Ɗan kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin uwarsa a yinin farko na haihuwa, kuma wannan garkuwar, yayin da take raguwa, tana iya kashe ƙarfin allurar farko alhali ita kanta ba ta ƙara isa ta tare cuta ba. Shi ya sa ake farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4, har ya kai mako 16. Allurar haɗin tana kare shi daga fabo, da distemfa (cuta mai kama numfashi da ƙwaƙwalwa), da ciwon hanta, da cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. Ƙwayar fabo kuwa tana iya yin watanni da rai a cikin ƙasa, sabulu da ruwan wanke ɗaki ba sa kashe ta, sai bilic, wato ruwan sinadarin da ke faranta tufafi, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, bayan an kwashe ƙazanta. Saboda haka ɗakin haihuwa ya zama na siminti mai magudana, ba turɓaya ba.

Allurar haukan kare kuwa ana yin ta a wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana sarrafa ta a nan gida. Wannan ba don karen kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Idan za ka sayar da naka a mako 8, kafin lokacin wannan allura, haƙƙinka ne ka rubuta ranar a kati, ka kuma kira mai sayen ka tuna masa.

Cikin kare kwana 63 ne, da ɗan ragi ko ƙari. Ka tanadi ma'aunin zafi, domin zafin jikinta na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya sauko wajen 37 to naƙuda na nan tafe cikin yini guda. Idan ta yi rabin awa tana nishi da ƙarfi ba ɗa, ko ta yi fiye da awa 2 shiru alhali akwai saura a ciki, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan fari, likita za ka kira, ba maƙwabci ba, kuma kada a kuskura a yi mata allurar naƙuda a gida, domin idan ɗa ya gitta mahaifa na iya fashewa. Tiyata da tsakar dare tana da tsada, ka ware kuɗinta tun kafin barbara, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Jariran ba sa iya ɗumama jikinsu a makonnin farko, idonsu ma sai kwana 10 zuwa 14 yake buɗewa. Wanda ya san hunturun Zariya na Disamba da Janairu ya san abin da nake nufi: a toshe iska, a sa tsumma mai kauri, a naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul, amma kada a kai kaskon gawayi rufaffen ɗaki. Zafin Maris da Afrilu kuma uwar yake wahalarwa, shi ya sa nake tausayin Kokeshiyan ɗin da ake ta kawowa garin nan, kare mai gashin da aka halitta don duwatsun ƙanƙara, a kulle shi ƙarƙashin kwano. Da damina kuwa akwai ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai jiƙe da fitsari, tsutsarsa ta huda fatar jariri ta zauna, ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Maganin tsutsar ciki ana farawa tun mako 2, a maimaita duk mako 2, a kan nauyin da sikeli ya nuna. A fara ba su abinci mai laushi a mako 3 zuwa 4, kuma kada a raba su da uwa da 'yan uwansu kafin mako 8, domin a nan suke koyon sassauta cizo. Kada a ba kare farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane. Na ga waɗanda tausayin masu su ya kashe ta wannan hanya.

Almajirin Ƙofar Gayan ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan uwa, maganar mahaifinka ba daga iska ta zo ba, kada ka ɗauke ta tsohon yayi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin kuɗin kare, kamar yadda ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta, ko kiwon dabbobi, ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaskiya. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Wanda aka haura wa gida sau 2 ya san ma'anar wannan amsa.

A kan ciniki kuwa, Risalar da muke karantawa a zaurukan cikin birni ta faɗa cewa an hana sayar da karnuka, amma an yi saɓani a kan wanda shari'a ta yi izinin ajiye shi. Mashahurin zance a mazhabarmu shi ne hani, sai dai Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya, ya halatta sayar da irin wannan kare, har aka ruwaito ya ce zai sayar ya yi aikin Hajji da kuɗin. Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hambaliyya sun hana. Ka ga mas'ala ce ta saɓani, ni kuma ɗalibi ne, ba mai fatawa ba. Ka tafi da mahaifinka wurin malamin da ya yarda da shi, ku zauna, ka faɗi ainihin abin da kake son yi. Ko da malamin ya halatta maka, ba na ganin alheri a sana'ar da za ka yi mahaifinka na jin ƙyamar abincin gidanka.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake sayar wa. Waɗanda suka halatta, don amfanin gadi da farauta da kiwo suka halatta. Yaron da ke son kare don ya riƙa tsorata 'yan mata a layi, ko don a haɗa su faɗa a sa kuɗi, kai ka miƙa masa, kana da kamasho a abin da ya biyo baya. Kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, duka biyun suna magana da mai kiwo kafin kowa.

Hajiya Uwar Biyu, Gyallesu, ta rubuta:

Salamu alaikum. Ɗana, ni ba mai kiwo ba ce, maƙwabciyar mai kiwo ce, kuma na ga ba wanda ya yi magana da bakinmu. Shekara 3 muka yi katanga ɗaya da wani bawan Allah mai karnuka 7. Ruwan wankin ɗakunansu ta lungunmu yake bi, inda yara ke wasa kuma masallata ke wucewa, ƙudaje da wari sun hana mu shan iska a tsakar gida, haushi kuwa daga isha'i har asuba, ga tsohuwa mai hawan jini a ɗaki. Mun yi magana, mai unguwa ya yi magana, amsarsa ita ce gidansa ne.

Wata rana yaronsa ya bar ƙofa a buɗe, ɗaya ta fito ta kama wani almajiri da ya zo bara a ƙauri. Ni na ja shi bakin famfo na yi ta wanke wurin da sabulu, domin na taɓa ji a rediyo cewa a yi minti 15 ana wankewa, sannan muka kai shi asibiti. Da aka nemi katin allurar karyar, ashe babu. Sai da yaron nan ya yi ta karɓar allurai, mu maƙwabta muka haɗa kuɗin, malaminsa kuma hankalinsa bai kwanta ba sai da aka yi kwana 10 ana lura da karyar aka ga lafiyarta ƙalau. Kafin ka ƙara ko kare ɗaya, ka shiga gidajen da ke kewaye da kai ka gaya masu, ka haƙa rami na musamman don ruwan wankinsu, ka sa ƙofa biyu tsakaninsu da titi. Wanda zai saya kuma ka je ka ga katangarsa da idonka, kada ka yarda da hoto.

Baba Mafarauci, hanyar Giwa, ya rubuta:

Jikana ne ke rubuta mini wannan. Yaro, na gaji kiwon karnukan farauta daga mahaifina, kuma ina mamakin yadda kuke raina karenmu na gida kuna bin na Turawa. Namu ya san zafin ƙasar nan, ba ya cin rabin abin da wancan ke ci, kuma idan ya samu tarbiyya ba ɓarawon da zai wuce shi. Mu ba ma haɗa kowace karya da kowane kare. Sai mun fita daji da ita rani 2, mun ga hancinta da gudunta, mun ga ko tana jin kira, ko tana taɓa awakin mutane, sannan mu nema mata namijin da ya dace ko da a wani gari yake. Wadda ke bin kaji ko ta ciji yaro, ba a neman irinta. Kuma ba mu saba miƙa ɗan kwikwiyo ga wanda ba mu sani ba, sai wanda muka san zai ciyar da shi.

Abu guda na yarda likita ta fi mu gaskiya a kai, shi ne allurar hauka. Dā muna cewa namu ba sa buƙata, sai da na harbe karena mafi soyuwa gare ni da hannuna, bayan ya dawo daga daji yana dalalar da yawu yana cizon icen da aka ɗaure shi. Tun daga nan ba na fashi.

Ɗan Hanwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na faɗa wa abokin nawa cewa ba bana ba, ya ji haushi kaɗan, amma ya yarda a ɗauki hoton ƙashin nasa idan lokaci ya yi. Allah ya gafarta Malam, na yi wa mahaifina maganar zuwa wurin malaminsa, ya ce bayan sallar Juma'a. Hajiya, na duba na ga ni ma ruwan wankin ɗakinta waje yake fita, na kira mai gini zai zo ranar Asabar.

Likita, saura tambaya guda. Jiya da asuba na tarar wani jan kare ya fara tona ƙarƙashin ƙofar baya. Kwana nawa zan ci gaba da rufe ta? Wani kuma ya ce in yi mata allurar tazarar haihuwa ta mata, abin ya wuce.

Likita Maman Hanif ta amsa:

Malam, kada ka yi mata wannan allura, domin tana iya sa mahaifa ta tara mugunya, ciwon da sau da yawa sai an cire mahaifar gaba ɗaya ake ceto ran karyar. Ka ƙirga mako 3 cif daga ranar da ka fara ganin jini, in ka ƙara kwana 3 ko 4 a kai ya fi. Inda mutane ke yin kuskure shi ne wajen kwana na 9 zuwa na 14, lokacin da jinin ke raguwa ya koma ruwa-ruwa, sai su ɗauka ta gama su sake ta, alhali a lokacin ne take karɓar namiji, ita da kanta za ta nemi hanyar fita. Ka cike ramin da dutse da siminti yau, ka kwanar da ita a ɗaki mai rufi da sakata, in za ta zaga tsakar gida kuma ya zama kana tsaye. Idan duk da haka aka yi rashin sa'a ka tarar sun haɗu sun manne, kada a doke su ko a ja su da ƙarfi, za su rabu da kansu cikin minti 5 zuwa 30. Ka rubuta ranar, ka kawo ta asibiti washegari da katinta.